Tabarmar Kaka a Hanyar Shagamu

Ko da zan manta da duk ƙuruciyata a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ba zan manta da ranar da kakata ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar titi ba.

Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke ne, ina 'yar shekara goma sha biyu. Raɗe-raɗi ya cika Ibadan cewa za a kori Hausawa. Kullum sai mu ga maƙwabta sun ɗaure kaya sun nufi tashar jirgin ƙasa, har layinmu ya yi tsit. Mu kuwa al'adar gidanmu ce duk shekara mu fita zumunci, mu fara da Shagamu wajen ƙanwar Kaka, mu zarce ƙauyen wani Bayarabe manomin goro, aminin Baba tun suna samari. Baba ya so a ɗage tafiyar. Kaka ta ce, "Ƙanwata tana kwance ba lafiya. In kai ba za ka ba, ƙafata ƙalau take."

Haka muka shiga akori-kurar da Baba ke ɗaukar goro da ita. Kaka a gaba, ni da Umma da ƙannena a baya kan tabarma, ga buhun albasa na tsaraba.

Mun yi nisa sai muka tarar da wasu samari sun gicciye gungume a bakin wata siririyar gada, kowa da gora a hannu. Babbansu ya leƙo, ya dubi hular Baba, ya ce da Yarbanci, "Gambari, kun ɓata hanya. Arewa tana bayanku, ku juya." Gambari shi ne sunan da suke kiran Bahaushe. Baba ya yi ta lallashi, wani ya maka wa ƙofar motar gora. Umma ta danne kawunanmu. Ina jin Baba ya fara neman juyawa, sai Kaka ta buɗe ƙofa ta sauka.

Ta zagayo ta ce mu ɗaga, ta zare tabarmar da muke kai, ta shimfiɗa a bakin gadar ta zauna. Ta kwance bakin zane, ta ɗauko goro ta gutsura. Sannan ta dubi babban nasu, da Yarbancinta na 'yan Ibadan ta ce, "Yaro, a Ibadan aka yanke cibiyata tun ba a haifi ubanka ba. Mijina a can yake kwance a kabarinsa. Ina kake so in koma? Tunda ba zan wuce ba, yau kowa a nan zai wuni."

Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki tashi." Ta ce, "Koma ka zauna." A lokacin haushinta na ji, na ɗauka za ta sa a kashe mu.

Motoci suka taru a bayanmu. Daga wata motar katako mata 'yan kasuwa suka sauko, ɗaya ta ce, "Mama, lafiya?" Kaka ta ce, "'Ya'yanku ne suka ce kada in ga ƙanwata kafin ta mutu." Matan nan suka ɗaure ɗankwali a ƙugu, suka yi caa a kan samarin, suna tambayarsu ko ba uwa ce ta haife su ba. Da hannunsu suka mirgina gungumen gefe. Kaka ba ta yi gaggawa ba, sai da ta cinye goronta ta naɗe tabarma.

Mun sami ƙanwarta da rai, suka wuni hannu cikin hannu. Watan bai ƙare ba ta rasu. Aminin Baba kuwa, da ya ji labari, ya roƙe mu mu zauna a ƙauyensa har ƙura ta lafa. Kaka ta yi masa godiya, ta ce muna da gida. Muka koma Sabo.

Yanzu na kai shekarunta, na gane abin da ta koya mini: in aka ce maka baƙo ne kai a inda aka haife ka, kada ka taya mai faɗa gaskata maganarsa da ƙafarka.