Itacen Bakin Ƙofar Dusa

Na jima ina gyaran wuta a wani kamfanin haɗa abincin dabbobi da ke hanyar Nangere. Injinan wurin duk wani ɗan akwati ne ke juya su, muna ce masa ƙwaƙwalwa. Shi ke buɗe ƙofar ƙarfen da dusa ke zubowa ta cikinta, shi ke riƙe ta a sama. Halinsa kuwa na san shi kamar yunwar cikina: in ka murɗa shi zuwa tsayawa, duk abin da ke hannunsa sakinsa yake. Inji ya mutu, fitila ta mutu, ƙofa ta faɗo da ƙarfinta.

Mai kula da ƙofar wani dattijo ne, tsohon makiyayi da ya dawo gari da zama, kowa Baffa yake ce masa. Bai san boko ba, amma kafin ya sa hannu ya ciro abin da ya toshe, sai ya tokare ƙofar da guntun itacen maina.

Sai mai kamfani ya kawo mana injiniya, saurayi mai farar hular kwano da ko ƙura ba ta taɓa hawa ba, da kwamfuta a hammata. Takardunsa sun fi shi nauyi. Ranar farko ya ga itacen, ya yamutsa fuska.

"Wannan ƙauyancin fa? A kamfani?"

Ya sa ƙafa ya shure shi waje. Ina tsaye ina kallo.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, igiyar buhu ta maƙale a ƙofar. Baffa ya waiga yana neman itacensa.

"Sa hannu kawai, Baffa," in ji injiniya. "Bari ma in tsayar maka da shi gaba ɗaya, hankalinka ya kwanta."

A wurinsa tsayawa na nufin kowa ya daskare inda yake, kamar 'yan fareti. Ina can saman tsani na ji maganar. Na ce, "Yallaɓai," a hankali, da ladabi, wai kada in kunyata mai digiri a gaban leburori. Kafin in kai ga sauran maganar ya murɗa.

Yatsun Baffa biyu ƙofar ta ɗauka.

A rahotonsa injiniya ya rubuta sakacin ma'aikaci, da Turanci mai kyau, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ya kuma ba da shawarar a riƙa tokare ƙofar da ƙarfe, mai kamfani har da yaba masa basira. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi ba, in ka cire wanda ya tsaya neman ladabi a saman tsani.

Na je unguwar Yerimaram duba Baffa. Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Ɗana, shi yaron bai sani ba. Kai fa?"