Humrar Hajiya Mas'uda a Takardar Osmiyam

A unguwar Sabo ta Ibadan, in Zulfa ta wuce, ƙamshinta kan daɗe a lungun bayan ta ɓace. Ba abin mamaki ba ne, uwarta ce Hajiya Mas'uda mai haɗa humra. Tun Zulfa na firamare, kullum da safe sai Hajiya ta ɗiga mata turaren a tafin hannu, ta murza, ta ce, "Allah ya tsare." Har ta zama ɗalibar digiri na biyu a sashen kimiyyar sinadarai, ba a taɓa fashi ba.

Aikinta a kan osmiyam ne, wani ƙarfe mai wuyar samu. Malaminta ya ba ta ɗan garin wani haɗinsa a kwalba, bai kai cikin cokalin shayi ba, ya ce in ya ƙare babu wani, digirin kuma sai dai a jira wata shekarar. Takan niƙa ɗan kaɗan da wani farin gishiri a ƙaramin turmi, ta matse shi ya zama faifai siriri, ta sa a na'ura. Na'urar ta ratsa shi da hasken da ido ba ya gani, ta zana a takarda yadda ƙwayoyin da ke riƙe da ƙarfen suke karkarwa. Daga zanen ake gane abin da ke manne da osmiyam ɗin.

To, zanen Zulfa kullum sai ya fito da baƙin layuka, waɗanda babu wanda ya gayyace su. Ta busar da gishiri, ta wanke turmi, ta ɗora wa damina laifi. Garin kuwa sai raguwa yake, har ya zama saura na gwaji ɗaya. Tsoro ya kama ta sosai.

Ranar nan tana zura safar hannu, sai ta ga maiƙo yana ƙyalli a yatsun safar. Ashe da hannun humra take ɗauko ta! Ta shafa ɗigon turaren a gishiri zalla, ta gwada. Layukan nan suka fito cif, ko ɗaya bai ɓata ba.

A keke daga jami'a zuwa gida, ba binciken ne ya dame ta ba. Yaya za ta ce wa uwarta ta daina?

"Umma, turarenki ne yake shiga aikina," in ji ta, kanta a sunkuye.

Hajiya ta ce, "Wato har injin Bature ya san humrata." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Washegari Hajiya ta wanke hannu da sabulun wanki, ta kama hannun 'yarta haka nan gaya, ta ce, "Allah ya tsare."

Zanen ya fito tas. Malami ya ce da Yarbanci, "O da!" wato ya yi kyau, ya buga tebur don murna. Zulfa ta yi hamdala, amma da ta dubi inda layukan suke a da, sai ta ji kewa ta kama ta.

Da la'asar ta tarar da Hajiya zaune a zaure, kwalbar humra a buɗe a kan cinyarta.

"Injin ya gama da ke?" Hajiya ta tambaya. "To, miƙo hannun."