Harshen Iya da Albasar Baba

Babanmu ba ya zubar da ruwa, ko da kuwa ruwan da gona ta sha ta rage ne. A fadamarmu ta bayan Gashuwa akwai wani kwari inda ruwan da ya tsiyaye daga gonakin shinkafa yake taruwa, duk kanwa. Idan kogi ya ja baya, sai Baba ya gauraya shi da na kogi ya ba albasa. Ma'auninsa harshensa ne. Ya kamfata, ya kurɓa, ya furzar, ya ce a ƙara na kogi ko a bari.

Sai azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, ga shi injin ban ruwan na aro ne, da hantsi yake zuwa hannunmu. Liman ya ce ɗanɗanawa a tofar ba ta karya azumi. Baba ya ce shi dai a'a. Taurin kan mutumin nan har yau yana ba ni haushi.

A gidan kaf mahaifiyarsa ce kaɗai tsufa ya sauke wa azumi. Aka ɗora Iya a kan babur, tana ƙanƙame da rigar Baba tana salati har bakin kwari. Matar da ta shekara sittin tana cin goro da taba, ita aka miƙa wa ƙoƙo.

Ta kurɓa, ta taɓe baki. "Kai wannan, salam yake. Ƙara na kwarin."

"Iya, kin tabbata?"

"Ni na koya maka cin gishiri."

Ya ƙara. Kullum sai ya ƙara, ita kuwa tana ta gaya wa maƙwabta bana da harshenta ake noma. Kafin azumi ya kai ashirin bakin ganyen ya ƙone, ƙasa ta yi fari fat, albasar shekara guda ta tafi.

Baba ya hana kowa faɗa mata. Ana jajiberin salla ya tafi har Nguru, inda ba idon sani, ya sayo buhun albasa guda ya dire a gabanta, wai ta gona ce. Tausayinsa ya kama ni ranar.

Iya ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta shinshina, ta ajiye. Sannan ta kira mahaifiyarmu daga madafa.

"Daga yau idan kin yi miya, ki sa gishirinki yadda kika ga dama. Kada ki ƙara kawo mini in ɗanɗana."