Ƙasar Garken Dada

Kafin mahara su ci garinmu da ke arewacin jihar, na ɗebo ƙasa cikin leda daga garken mahaifiyata, Dada. Ina karatun ƙananan halittu ne a jami'a, ina zaune a Sangere kusa da Yola, kuma a cikin ƙasar nan na samo ƙwayar da nake bincike a kanta.

Ƙwayar mafarauciya ce. Ba ta da ƙafa, jan ciki take yi, tana barin yauƙi a baya don 'yan'uwanta su bi sawu. Dubbai suke taruwa su rufe wata ƙwayar, su narkar da ita, su sha tare. Guda ɗaya ba ta iya komai. In yunwa ta matsa, sai su dunƙule su yi 'yan tudu ruwan goro, su jira. Ina son su, ban taɓa ɓoyewa ba.

Da karatu ya tsaya, na kwaso farantan gwajin da ledar ƙasar zuwa gidan Bappa, yayan babana, a unguwar Adarawo cikin Yola. Gidan ya cika da danginmu da suka gudo, har da Dada, wadda tun isowarta ko gaisuwa da kai take amsawa. Yis ɗin burodi nake ba ƙwayoyin, zafin Yola ya yi sauran aikin. Sai dai da kashin awaki ake janyo su daga ƙasa, shi kuwa ba ya ɓuya.

Bappa ya gani. "Mutane ba wurin kwana, ke kin kawo najasa gidan salla? Zubar da shi yanzu."

Na ce ba zan zubar ba. Ban taɓa musa masa ba, amma raina ya ɓaci. Na ce daga garken Dada na ɗebo ƙasar, in ta tafi ba inda zan samo wata.

Dada ta taso daga tabarma. Ta karɓi ledar, ta kwance, ta shinshina. Ta daɗe a haka.

"Ta gindin tsamiya ce," in ji ta, "inda nake ɗaure maruƙa." Ta dubi farantan. "Abin da ke ciki yana da rai?"

Na ce yana da rai.

Ta ƙulle ledar a bakin zaninta, ta juya ga Bappa, mutumin da saboda kunya ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

"Bappan yara, an kore ni sau ɗaya. Wannan kam, in za ka fitar, haɗa da ni."