Yadda Na Kashe Hancin Taubashina

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu, a sa mata sitaci a shanya kamar yadda nake yi wa hulunan mutane, akwai abu guda da na san ba zai fita ba har a kai ni makwancina. Shi ne abin da ya shiga tsakanina da taubashina a shekarar da na buɗe bulog. E, ni ɗin nan, mai wankin hula a Zaitawa, wanda ya tsere daga firamare a aji uku saboda tsoron lissafi, ni ma na taɓa zama marubucin intanet. Ku yi dariyarku, ni ma nakan yi, amma ku bari in kai ƙarshe.

Lokacin soja sun koma bariki da 'yan shekaru, bakin kowa ya buɗe, wayar hannu ta shigo gari. Wani abokina, tsohon akawu da ya tsufa yana buga wa mutane takardu da tafireta, ya ga sana'ar tana mutuwa a hannunsa, sai ya kama shago wajen Ƙofar Mazugal ya zuba kwamfutoci huɗu da ɗan janareto. Ni kuwa in na gama ɗora huluna a kan kawunan katako na jera su a rana, sai in lallaɓa can shan iskar fanka kyauta, ina biyansa da surutu.

Wata rana ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, wannan bakin naka asara yake yi. Kullum kana zuba wa kawunan katako labari, ko uhum ba sa ce maka. Zo in buɗe maka bulog."

Na ce, "Shi kuma mene ne? Da miya ake ci ko da yaji?"

Ya ce, "Majalisa ce marar tabarma. Kai ka faɗa, ni in buga, duk wanda ya ga dama a duniya ya zo ya karanta."

Haka muka fara. In na zauna a gefensa sai in rufe ido, in saki baki, shi kuma yatsunsa suna ƙwanƙwasa kamar kaji na tsattsagar gero. Na ba da labarin Kanon da na buɗe ido na gani: kududdufan da muke iyo a cikinsu har idonmu ya yi ja, yadda muke hawa badala mu zauna muna lilo da ƙafa, ƙarar taɓare daga gida zuwa gida da hantsi kamar suna gaisawa, da ƙanshin soron ƙasa in ruwan farko ya taɓa shi. Abubuwan da na ɗauka sun tafi tare da iyayenmu, sai ga su suna fitowa a jikin gilashi layi-layi, ni da ko layi biyu ba na iya karantawa sai na yi gumi.

Mako uku babu wanda ya ce mana ci kanku. Ran nan akawu ya ƙwala mini kira tun daga bakin titi. Wai wani ya bar mana sharhi daga wata ƙasa mai nisa, ya ce shi ɗan cikin badala ne, ya karanta labarin ruwan farko ya yi hawaye a ofis. Jama'a, ranar ban taka ƙasa ba. Bayan la'asar na hau Goron Dutse ni kaɗai, na zauna ina kallon gari ya baje a ƙasana, soraye da hasumiyoyi da hayaƙin girki yana tashi a hankali. Sai nake ganin kamar maganganuna ne suke tashi daga lungunmu, farare kamar balbelu, suna tsallake ganuwa, wasu su yi gabas wasu su yi arewa, har su sauka a tagar wani bawan Allah da ke zaune cikin sanyi da kofin shayi yana jiran abin da mai wankin hula zai ce. Daga ranar na sayi tabarau a bakin kasuwa, alhali idona lafiyarsa ƙalau. Ina tafiya ina harɗewa, amma ban cire ba.

To, ina da taubashi, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma tun da na kama wankin hula yake kirana Sarkin Kawunan Katako. Sana'arsa haɗa turare, gado ne daga mahaifinsa. Zaurensa in ka shiga kamar ka shiga mafarki: kwalabe jere har sama, haske yana ratsa su ja da ruwan zuma, ƙanshi kala-kala yana bin ka har gida ya kwana a rigarka. Shekara talatin tsokanata gare shi guda ce. In ya zo majalisa sai in ce, "Ku matsa wa bawana, hancinsa ya daɗe da mutuwa, ko kananzir ka miƙa masa zai ce miski ne." Shi kuma ya ce duk hular da na wanke sai mai ita ya sake kai ta wanki. A yi ta dariya, a watse. Wanda duk ya san taubasantaka ya san ko a gaban surukai na faɗa babu mai riƙe ni.

Ran nan na je shago kaina fayau, labari ya ƙare, ga akawu ya ɗora yatsu yana jira. Marubucin duniya guda ai ba ya cewa babu. Sai na jawo bawana na shimfiɗa. Na ce akwai wani mai turare a unguwarmu, zaurensa mai koren ƙyaure, yana da tabo a gira, hancinsa ya mutu tun tuni, da ka yake haɗa turare, amare suna ta shafa abin da shi kansa bai san ƙanshinsa ba. Na ƙara gishiri, na ƙara yaji, ina faɗa ina riƙe ciki.

Akawu ya tsaya. Ya ce, "Malam, wannan fa mutum ne mai rai."

Na ce, "Kai buga! Taubashina ne. Kuma ai ban faɗi suna ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya buga. Abin da ban sa a rubutun ba shi ne cewa taubashina ne. Me zai sa in faɗa? Wa ye bai sani ba a Zaitawa? A raina duk mai karantawa yana zaune ne a tabarmarmu, yana ganin yadda nake kashe ido ɗaya.

Bayan kamar mako biyu na lura bawana ya daina zuwa majalisa. Na ce ko zazzaɓi ne, har ina tanadin sabuwar tsokana. Sai ga aike daga matarsa, wai in zo. Na shiga zauren da hantsi ina ɗaga murya, "Ina bawan nawa, ko ya gudu ne?" Babu wanda ya amsa. A tsakiyar zaure na ga wani babban kwando cike da kwalabe, ko buɗe su ba a yi ba. Matar tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi.

Ta ce, "Malam, me muka yi maka?"

Ita ce ta warware mini. Akwai wata Hajiya da ta shekara ashirin tana karɓar turaren amare a wurinsa tana rarraba wa manyan gidaje. Ɗanta yana karatu a waje, yana cikin masu karanta ni. Ya ga koren ƙyaure, ya ga tabon gira, ya ɗauki waya ya kira uwarsa. Ita kuma ta dawo da kaya, kuma maganar ta riga ta zaga gidajen biki. Balbelun da nake kallo daga kan dutse, ashe ɗaya ta yi kwana ta dawo ta sauka a kan ɗan'uwana.

Shi yana zaune a lungun zaure kan buzu, bai ɗago ba. Na durƙusa na fara rantse-rantse, ina cewa wasa ne, wasan da muka saba. Sai ya ce a hankali, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Ya gaya mini me?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya cire murfin. Nan take ƙanshi ya cika zauren, irin wanda ke tuna wa mutum ɗakin uwarsa ranar Sallah. Ya kai ta hancinsa ya ja numfashi mai tsawo, ya mayar da murfin.

Ya ce, "Da wannan da ruwan randa duk ɗaya ne a wurina. Shekara biyu ke nan, tun wata mura da na yi. Ni nake aunawa, ita take shinshinawa a bayan labule ta ce mini ya yi ko bai yi ba. Ko 'ya'yanmu ba su sani ba. Duk ranar da ka yi mini wasan nan a majalisa, nakan yi dariya tare da ku, in dawo gida in kasa cin tuwo."

Ban san lokacin da na cire tabarau ɗin banzan nan ba.

Daga nan shagon akawu na nufa, ina sauri kamar an biyo ni. Na ce ya goge. Ya danna abu ɗaya, rubutun ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Na yi ajiyar zuciya. Sai ya ce, "Na goge na nan. Na cikin kan Hajiya fa, da me zan goge shi?" Na ce to mu rubuta sabo, mu ce wasan taubasai ne, hancin mutumin ya fi na kowa kaifi a Kano. Ya gyara zama ya ɗora yatsu. Sai na ce ya dakata. Ranar da na faɗa wasa ne a bakina, yau kuwa na san gaskiya. In na ce hancinsa lafiya lau, ƙarya zan yi wa mutanen da za su saya saboda maganata. In kuma na yi shiru, na bar shi a ramin da na haƙa.

Na koma zauren da la'asar, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife mu: na nemi izinin taubashina kafin in yi magana a kansa. Na ce babu abin da ya rage sai gaskiya, in ya yarda. Ya ce a'a, ya gwammace ya rufe zauren ya koma sayar da goro. Sai muryar matar ta fito daga bayan labule.

Ta ce, "Alhaji, ka bar shi ya faɗa. Na gaji da shinshina a ɓoye kamar mai satar nama a tukunya. Shekara arba'in ina kwana ina tashi cikin ƙanshin nan, wa ya fi ni saninsa? Hannunka bai mutu ba, hancina bai mutu ba. Ina abin kunya a nan?"

Ana nan aka kira magariba. Da zai tashi alwala ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A karanta mini kafin a saka."

Kwana uku muna rubutun nan, ni da nake zuba labari biyar a zama ɗaya. Na fara da faɗin ko ni wane ne a wurinsa da abin da na yi. Na faɗi yadda hannunsa yake auna ɗigo ba ya ƙari ba ya ragi, da yadda ita take rufe ido ta ce a ƙara kaza. Akawu ya buga a takarda, ya zo da kansa ya karanta musu a zaure. Taubashina ya sa aka cire layi biyu, matar ta sa aka ƙara ɗaya, sannan aka saka.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma daidai ba. Hajiyar nan ba ta dawo ba, wasu ma sun bi ta. Amma sannu a hankali mata suka fara wuce zauren suna shiga cikin gida kai tsaye wurin mai hancin, tukunyar gidan ba ta daina hawa wuta ba. Shi kuma ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, ya dawo majalisa. Sai dai wasan ne bai dawo ba. Na yi ta ba shi ƙofa, in yi kuskure da gangan a gabansa, in saka hula a karkace, ko zai harbo mini ɗaya. Sai ya yi murmushi kawai. Har Allah ya karɓi ransa, Malam yake ce mini, da ladabi, kamar baƙo. Ban taɓa jin zagin da ya yi mini ciwo kamar wannan girmamawar ba.

Yanzu in masu sha'awar buɗe bulog suka zo wai in ba su shawara, tunda an ce na riga su, nakan ce su fara, kada rashin boko ya hana su, kuma su rubuta abin da idonsu ya gani, don shi ne ke sa baƙo hawaye a wata ƙasa. Amma abin da na koya da tsada shi ne, rubutu ba ya tafiya da fuskar mai shi. Wanda zai karanta bai san dangantakarku ba, bai ga ka kashe ido ba, kuma ɓoye suna ba ya ɓoye mutum. Labarinka naka ne, ka yi yadda ka so da shi. In kuwa akwai wani mai rai a ciki, ko da wanda kuka sha nono ɗaya ne, ka je ka zauna a gabansa a karanta masa tukuna, kana kallon idonsa. Ba ka san wace dariyar yake yi da ƙarfin hali ba.