Gahawar da Kawu Rafiƙ Ya Ƙi Sha

Ranar da na fara shiga motar Kawu Rafiƙ, ya dube ni ta madubi ya ce, "Abu Wasim, da wannan fuskar za ka shiga kotu? Wallahi za ka yi wa yaron abin da sojoji ba su yi masa ba." Ban saurare shi ba.

Shekara goma sha tara yana aiki ɗaya. Da an idar da sallar asuba yake ta da farar motarsa a bakin masallacin ƙauyenmu, ya kwashi iyayen da 'ya'yansu ke tsare zuwa kotun soja. Kafin ya ja mota sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga katin shaida, ya karɓi wayoyi ya adana. "Hajiya, burodin nan ba zai wuce ƙofa ba, kawo mu ci a madadinsa." Ya san yini za mu yi cikin shingen waya don mu ga yaro na minti biyar, shi ya sa yake hana iyaye mata ɓata lokacin da kuka. "Ki gaya masa an tsinke zaitun, ki gaya masa ƙanwarsa ta fara tafiya." Yanzu idonsa ya yi rauni, ya miƙa wa surukinsa mukulli.

Ɗana Wasim, wanda da sunansa ake ce mini Abu Wasim, shekararsa sha huɗu. An kama shi da zargin jifa da dutse, aka yi masa tambayoyi ba uba ba lauya, ya sa hannu a takardar da sojojin suka rubuta da harshensu na Ibrananci, wanda ba ya iya karantawa. A cikinta akwai sunan Lu'ai, yaron Jamil ɗan baffana. Bayan kwana uku aka tafi da Lu'ai. Jamil ya daina amsa sallamata, in na shiga shago kuma sai hira ta mutu.

A zaman farko aka shigo da Wasim da sarƙa a ƙafa, kayan kurkuku sun yi masa yawa. Ya yi ta neman idona. Ni kuwa na sunkuyar da kai har aka fita da shi. Daga baya lauya ya ce mini tun ranar yaron ba ya cin abinci, ba ya magana da kowa.

Da Kawu Rafiƙ ya ji, ya zo bayan la'asar ya ja ni gidan Jamil. Ba a korar baƙo, dole aka zuba mana gahawa. Kawu ya karɓi kofinsa ya ajiye a ƙasa. A wurinmu duk baƙon da ya yi haka buƙata ce ta kawo shi, kuma abin kunya ne ga maigida gahawar ta huce.

"Sha gahawarka, Kawu," in ji Jamil.

"Ba na sha."

"Ɗan wannan ne fa ya ba da sunan ɗana!"

"Abu Lu'ai, iyayen da na ɗauka sun fi gashin gemunka yawa. Yara nawa ne suka shiga ɗakin tambayoyin nan su kaɗai suka fito ba su sa hannu ba? Kai da an ɗaure ka a kujera yini guda, har sunan kakarka za ka faɗa. Naka ma ya sa hannu. Ka tambayi lauya sunan ɗan wa ke cikin tasa takardar?"

Jamil ya ce, "Me kake so?"

"Ranar Talata shari'arsu ɗaya. Ku zauna benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, yaran su gani."

Daga bakin ƙofa matar Jamil ta ce, "Amsa masa mana, kada a ce gahawa ta huce a gidanmu."

"Sha," Jamil ya ce. "Ka samu abin da ka zo nema."

Ranar Talata muka zauna tare. Wasim ya shigo kansa a ƙasa. Jamil ya ɗaga murya ya ce, "Wasim, ɗana, ɗaga kanka!" Soja ya daka masa tsawa, amma yaron ya riga ya ɗago. Ya dubi Jamil, ya dube ni, ban kawar da idona daga nasa ba har aka tashi. Washegari ya ci abinci.

Kawu Rafiƙ, kai ne direban da bai taɓa shiga ɗakin shari'a ba, a waje kake jira cikin rana, amma ka san zukatan yaranmu fiye da mu iyayensu. Kai ne ka hana ni rasa ɗana yana raye. Allah Ya saka maka, Ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma 'yan'uwana, in ɗan maƙwabci ya sa hannu, kada ku juya wa gidansu baya. Ku je ku yi sallama.

An ɗage shari'ar karo na huɗu. Har yau ba mu san wata nawa za a yanke musu ba, ko kurkukun da za a kai su, ko za a ba mu takardar ziyara.