Malamar da ta ƙi bayar da sunaye

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina gaban allo ina koyar da 'yan aji biyu, sai sakataren sashenmu ya leƙo ta ƙofa ya yafito ni. Na fito da alli a hannuna. Bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Dakta, sai haƙuri, Malama ta cika." Allah ne ya ba mu aronki, Malama, shi ne kuma ya karɓi abinsa, mu ma duk can muka dosa.

Kin rasu a asibiti bayan jinyar mako uku, kina da shekara sittin da takwas. Talatin da shida daga cikinsu a sashen nazarin rayuwar al'umma na jami'armu kika yi su. Sanarwar da jami'a ta fitar ta lissafa littattafanki da tarukan da kika halarta a ƙasashen duniya. Ni ba zan maimaita su ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, don ni ɗalibarki ce, kuma akwai wani abu da na daɗe ina son in faɗa a bainar jama'a.

Shekara goma sha bakwai ke nan da na fara hawa matakalar nan zuwa ofishinki na ƙarshen baranda. Fanka na ta ƙara a sama, kwalaye cike da littattafan rubutu sun kusa taɓa taga, kujerar baƙi kuma an tokare ƙafarta ɗaya da tsohuwar mujalla. Na kawo miki shafi ashirin a kan yawon buɗe ido, duk alƙaluma: baƙi nawa ke zuwa, kwana nawa suke yi, daga ina suke. Kika karanta har ƙarshe, kika cire tabarau, kika ce, "'Yata, a otal-otal ɗin nan naki, wa ke canza zanen gado?"

Na ce ban sani ba.

Kika ce, "To, can digirinki yake. Je ki nemo shi."

A lokacin wani kamfani mai babban otal a bakin tafki ya roƙi sashenmu ya bincika masa dalilin da ya sa ma'aikatansa ba sa daɗewa. Can kika tura ni. Wata biyar na yi ina aiki tare da mata masu gyaran ɗaki, ina tura keken tawul, ina goge banɗaki, ina shiga ta ƙofar baya kamar kowa. Sharaɗinki ɗaya ne: tun ranar farko in gaya musu ko ni wace ce da abin da ya kawo ni, kada in rubuta maganar kowa sai da yardarta. Kowace mace da ta yi magana, lamba muke sa mata a littafi. Takardar da ta haɗa lambobin da sunayen kuwa, a hannunki kaɗai take.

Duk bayan mako biyu kina zuwa. Ba kya zama a falon baƙi. Ɗakin wanki kike wucewa, ki kifa bokiti ki zauna, kina ninke tawul kina sauraro. Ba na manta ranar da manaja ya shigo ya gan ki haka, ya rikice yana ta kiran a kawo wa Farfesa kujera. Shugabar masu gyaran ɗaki, dattijuwar da kowa ke kira Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta zaro tawul ɗin daga hannunki ta warware shi, ta ce, "Farfesa ko ba Farfesa ba, wannan ninkin bai yi ba. Sake." Kika yi dariya har da hawaye, kika sake. Tun daga ranar matan suka saki jiki da mu.

Mata arba'in da ɗaya suka yi mana magana. Suka nuna mana tafin hannunsu, duk ya tsattsage saboda ruwan wanke banɗaki, ba safar hannu. Kowacce ɗaki goma sha takwas take gyarawa a wuni. An hana su bari baƙo ya gan su, in suka ji tafiya sai su maƙale a ɗakin ajiya. Mazajen wasunsu masunta ne, ana sa su jefa taru da rana tsaka don baƙi su ɗauki hoto, alhali kowa ya san ba a kama kifi a lokacin. Abin da ya fi muni shi ne wani mai sa ido a kan aiki da ke bin 'yan matan cikinsu, wadda ta ƙi shi sai ya ƙara mata ɗakuna har ta gaji ta tafi.

Duk wannan kika sa a rahoto, ba ki rage ba, ba ki ƙara gishiri ba. Da shugaban kamfanin ya karanta, sai ya kira mu taro. Ya yi mana fara'a, ya yaba aikin, sannan ya ce a ba shi sunayen matan don ya taimaka musu ɗaya bayan ɗaya. Kika ce, "Ranka ya daɗe, in taimako ne, ma'aikatanka mata sittin ne. Ka taimake su duka, ba sai da suna ba." Fara'ar ta ɗauke. Kafin mako ya zagayo, wasiƙar lauyoyinsa ta iso jami'a: ko a miƙa sunaye da littattafan rubutu, ko a haɗu a kotu.

Jami'a ta tsorata, ta kafa kwamiti. Shugaban sashenmu na lokacin, wanda ajinku ɗaya tun kuna ɗalibai, ya yi ta sintiri zuwa ofishinki yana lallashi. Kwamitin kuma ya ce ba za a duba kundin digirina ba sai an warware maganar.

Nan ne abin da nake son in faɗa. Wata rana da la'asar na hau matakalar nan ina kuka. Mahaifina ba shi da lafiya, burinsa ya ga na gama. Na ce miki, "Malama, ko sunaye biyu ko uku ne mu ba su, mu huta." Ni na faɗi haka, da bakina, bayan wata biyar ina cin abinci a kwano ɗaya da matan nan.

Ba ki yi mini tsawa ba, ke da tsawarki ke sa manyan malamai su nemi hanya. Kika ce in zauna. Kika ce, "To, zaɓi. Wa za mu fara bayarwa? Inna, mai jikoki huɗu a hannunta? Ko yarinyar nan da ta riƙe miki hannu kafin ta faɗi abin da aka yi mata?" Na share hawayena. Kika ce, "Digirinki zai jinkirta, 'yata, amma yana nan. Su in aikinsu ya tafi, ya tafi ke nan."

Na fita ina jin haushinki. Mako biyu ina kauce wa barandarki. Ba ki taɓa tuna mini da wannan rana ba, ko da wasa, kuma na tabbata ba ki gaya wa kowa ba. Yau ni na faɗa, don waɗanda ba su san ki ba su san irin mutumin da aka rasa.

Ranar da kika bayyana gaban kwamitin, ina zaune a baya. Ba ki zo da lauya ba, ba ki zo da jaka ba. Takarda ɗaya ce a hannunki, wadda muke karanta wa kowace mace kafin ta yi magana. Kika ɗaga ta kika ce, "Tambarin wa ke jikin nan? Na jami'a ne. Ku kuka buga shi. Da sunanku na yi wa matan nan alkawari. In kuna son karya shi, sai ku je ɗakin wankin ku gaya musu da kanku. Suna ɗaya kawai zan iya ba ku, nawa, ku rubuta shi a duk inda kuke so." Sai da shugaban kwamitin ya nemi a ba shi ruwa.

Sun rubuta shi kuwa. Aka sauke ki daga shugabancin cibiyar binciken da ke kika kafa ta da hannunki. Kika kwashe kwalayenki da kanki, kika ba wanda ya gaje ki mabuɗi, har kika nuna masa tagar da ba ta rufuwa. Kundina ya yi wata goma sha huɗu a aljihun tebur. A cikin watannin nan kika samo mini aji ina koyarwa, kika bi kowane babi da jan bironki sau uku. Da jikin mahaifina ya tsananta, kika je har gida kika durƙusa a gefen gadonsa kika ce, "Baba, 'yarka ta gama aikinta. Ni na riƙe ta, a kaina laifin yake." Ya ce ya yafe, ya sa miki albarka. Bai ga ranar da aka ba ni digirin ba, amma ya tafi da sanin cewa na gama.

Kamfanin bai je kotu ba, don ya gane cewa a can kowa zai ji abin da ke cikin rahoton. Bayan shekara guda aka raba safar hannu, ɗakuna suka koma goma sha biyu, aka sallami mai sa idon nan. Cikin mata arba'in da ɗaya, ko ɗaya ba a kora ba. Da na zo miki da murna, kika ce kada in cika baki, har yanzu ta ƙofar baya suke shiga. Daga baya jami'ar da ta hukunta ki ta dawo ta roƙe ki ki rubuta mata ƙa'idar kare sirrin mutanen da ake bincike a kansu. Kika rubuta, ba gori. Da ita muke aiki har yau.

Ba zan ce ba ki da naki halin ba. Harshenki na da kaifi, kuma ba a taɓa fara taro da ke a kan lokaci ba, saboda sai kin tsaya kin ji labarin mai gadi da mai shara. Maigidanki, likitan dabbobi mai ritaya, yakan ce mana, "Shekara arba'in tana bincike a kaina, har yau ban ga rahoto ba." Ke kuma ki ce ai sakamakon ne bai dace a buga ba.

Kwana huɗu kafin rasuwarki na zo asibiti da hantsi. Muryarki ta yi ƙasa sosai. Na sunkuyo ina zaton wasiyya ce, sai na ji kina tambayar ɗalibinki na ƙarshe, mai bincike a kan direbobin da ke zagayawa da baƙi. Kika ce babinsa na huɗu bai nuna ba, ya cika son ya yi magana a madadin mutane. Kika ce, "Ki karɓe shi. Kada ki tausaya masa, yana da kai." Na karɓe shi, Malama. Ya koma tasha yana zama da direbobin, kuma ba zan sa hannu ba sai aikin ya kai yadda za ki yarda.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, abokin zamanki, da 'ya'yanki uku da jikokinki, da ƙannenki, da dukkan ɗalibanki a duk inda suke koyarwa. Kun ba mu aronta shekaru masu yawa, ba ku taɓa nuna mana gajiya ba. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya tsaya muku.

Ya Allah, baiwarka ta riƙe amanar raunana a lokacin da sakinta ya fi sauƙi. Ta rufa asirin bayinka, ka rufa nata. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata makwancinta, ka haskaka shi, ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isar mata da lada. Ka sada ta da iyayenta a gidan Aljanna. Mu kuma da ta bari a kan kujerunta, ka ba mu zuciyar da za mu tsaya inda ta tsaya, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.